Hunhunar saiwa: ma'aikaciyar da ke ƙarƙashin gonakinmu

Ƴan'uwa manoma, maza da mata, kowa ya san ƙasar jigawarmu ta Dakoro. Rairayi ne mai sauƙin noma, amma ba shi da ƙarfi. Ruwan saman da muke samu a shekara yakan tsaya tsakanin milimita 300 zuwa 400. Duk da haka hatsi yana fita, wake yana yaɗo, gawo da aduwa da magarya suna tsaye shekara da shekaru. Da me suke rayuwa a cikin ƙasa maras ƙarfi haka?

Ruwa da taki da gumin manomi suna cikin amsar. Amma akwai wata ma'aikaciya da ido ba ya gani. Tana zaune a cikin saiwar tsiro, tana yi masa ɗaukar abinci dare da rana. Sunanta hunhunar saiwa. Ya kamata mu san ta, domin wasu daga cikin ayyukanmu na gona suna raya ta, wasu kuma suna kashe ta.

Hunhuna iri-iri ce

Mun san hunhuna, wadda wasu ke kira fumfuna. Ita ce ke fitowa a kan tuwon da ya kwana biyu, ko a kan gujiyar da aka ajiye ba ta bushe ba. Wannan hunhuna ta gujiya tana da dafi mai lalata hanta, saboda haka kada mu ci, kada mu ba yara ko dabbobi. Burtuntunar da ke mai da zangarniyar dawa baƙin gari, ita ma hunhuna ce. Laimar kwaɗi da ke fitowa da damana, ƴar'uwarsu ce.

Jikin hunhuna zare ne siriri ƙwarai, ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. Ba a ganin zare ɗaya sai da madubi irin wanda likita ke duba jini da shi. Hunhuna ba ta da ganye, ba ta iya yi wa kanta abinci. Wata tana cin abin da ya mutu, wata tana cutar abin da ke raye. Akwai kuma ta uku, wadda ke ƙulla amana da tsiro, kowa ya ci amfanin ɗan'uwansa.

A shekarar 1885 wani masani Bajamushe mai suna Albert Frank ya duba saiwoyin itatuwan dajin ƙasarsu, ya ga zaren hunhuna ya lulluɓe su, itatuwan kuwa lafiyarsu lau. Shi ya sa wa wannan zama suna mikoriza. Ma'anar kalmar ita ce hunhunar saiwa. Yau an san cewa cikin kowane iri 10 na tsirran duniya, wajen 8 suna da irin wannan abokiyar zama.

Darasi daga ƙasashen sanyi

Inda aka fi ganin ƙarfin wannan amana shi ne a wuraren da ƙasa ta fi talauci. Bari mu leƙa ɗaya daga cikinsu kafin mu dawo gida.

A arewacin Ingila da Sikotilan akwai tuddai masu faɗi. Ƙasarsu tana da tsami, ga sanyi, ga danshi. Ganyen da ya faɗi ba ya ruɓewa da wuri, don haka abincin tsiro yana kulle a cikin mataccen ganye. Alkama ba ta yi a wurin. Amma akwai wani gajeren tsiro mai ƙananan ganye da ya rufe tuddan kamar tabarma. Masana suna kiran danginsa Erika. Dangi ne babba, irinsu ya kai 4,000. A nahiyarmu ma akwai su. A kudancin Afirka ta Kudu akwai wajen iri 700. Ana samun wasu a kan tsaunukan Habasha, da dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, da babban dutsen Kamaru, inda sanyi yake. Ba su fita a ƙasarmu.

Saiwoyin dangin Erika sirara ne kamar gashi. Hunhuna tana shiga fatar saiwar, ta naɗe a ciki kamar zare a mazari. Sauran zarenta yana waje, yana fitar da wani ruwa mai narkar da mataccen ganye, kamar yadda kanwa ke sa wake ya nuna da sauri. Abincin da ke kulle ya fito, hunhuna ta kai wa tsiro. Da wannan suke rayuwa inda sauran tsirrai suka kasa.

A cikin dangin akwai wani da ake cin ƴaƴansa a Amurka. Ƴaƴan shuɗaye ne, girmansu kamar na magarya, ana ce musu bulubari. A da sai a daji ake tsinkarsu. Mutane sun sha ciro tsiron, su dasa shi a garka mai ƙasa mai kyau, su zuba masa taki, amma ya ƙi yi. A shekarar 1910 wani masani mai suna Frederick Coville ya bayyana dalili. Tsiron ƙasa mai tsami yake so, kuma akwai hunhuna zaune a cikin saiwarsa. Ya haɗa kai da wata ƴar manomi, Elizabeth White, suka ba tsiron irin ƙasar da ya saba da ita. A 1916 suka fara sayar da abin da suka noma. Darasin a fili yake: tsiro ba shi kaɗai yake rayuwa ba. Wanda zai noma shi, sai ya kula da ƙasarsa da abokan zamansa.

Yadda abin yake a gonakinmu

Hatsi, dawa, wake, gujiya, albasa, gawo da magarya duk suna da tasu hunhunar saiwa. Ba iri ɗaya ba ce da ta dangin Erika. Tamu ba ta ƙware wajen narkar da ganye ba. Gwanintarta ita ce tafiya nesa ta ɗauko abinci.

Idan muka duba buhun takin zamani, za mu ga lambobi uku: 15-15-15. Lamba ta farko ta azot ce, mai sa ganye ya yi kore. Ta tsakiya ta fosfor ce, mai ƙarfafa saiwa da cika zangarniya. Ta uku ta fotas ce. Binciken masana aikin gona ya daɗe da nuna cewa fosfor na cikin abubuwan da ƙasar jigawar Nijar ta fi rashi.

Ga kuma wata matsala. Fosfor ba ya yawo a cikin ƙasa. Inda yake, nan yake tsayawa. Saiwa tana shan wanda ke jikinta, nisan milimita 1 ko 2 kawai. Wanda ke gaba kaɗan, ba ta iya kai masa. A nan hunhuna ke shigowa. Kan zarenta ɗaya yana cikin saiwa, inda yake yin rassa kamar ƙaramin itace. Ɗaya kan yana ratsa ƙasa har santimita da yawa, yana shiga ƙananan kafofin da saiwa ba ta iya shiga. A ƙasa mai lafiya, cikin ƙaramin cokali ɗaya ana iya samun zaren da in an miƙe shi zai yi mita da yawa. Ta wannan zare fosfor ke isa ga tsiro. Ta nan kuma ake samun ƙarin zinki, wanda jikin yara ke buƙata don girma. Tsiron da ya ƙoshi haka ya fi jure tsayawar ruwa. Zaren yana kuma ɗaure ƙwayoyin ƙasa, su zama ƙananan dunƙule, iska ba ta kwashe su da sauƙi.

Cuɗe ni in cuɗe ka

Hunhuna ba aikin banza take yi ba. Ganye shi ne madafar tsiro. A nan ake haɗa hasken rana da iska da ruwa, a yi sukari. Tsiro yana tura wa hunhuna rabonta ta saiwa. Rabon yana iya kai kashi 1 cikin 5 na sukarin da ganye ya yi.

Mun san irin wannan ciniki tun kaka da kakanni. Bayan girbi makiyayi yakan sauka da dabbobinsa a gonar manomi. Dabbobi su ci kara, su bar taki. Manomi ya ba da hatsi, ya samu nono. Kowa ya tashi da riba. Haka zaman hatsi da hunhuna yake.

Abu biyu ya kamata mu riƙe. Na farko, hunhunar gonakinmu ba ta rayuwa sai da saiwa mai rai. Da rani, in hatsi ya mutu, tana kwanciya a cikin tsofaffin saiwoyi da ƙananan ƙwayoyin irinta, tana jiran damana. Inda akwai itace ko sabara mai rai kuwa, tana da masauki duk shekara. Na biyu, hunhuna ƴar aike ce. Ba ta ƙirƙirar fosfor, wanda ke cikin ƙasa take ɗaukowa. Idan muna kwashe hatsi da kara kowace shekara ba mu mai da kome ba, wata rana za ta je ta dawo hannu wofi. Da ruwan ciki akan ja na rijiya.

Kada mu haɗa ta da ƙullutun wake

In muka tumɓuke wake ko gujiya a hankali, za mu ga ƙananan ƙullutu a jikin saiwa. In an fasa mai lafiya, cikinsa ja-ja ne. Waɗannan ba hunhuna ba ce. Wasu ƙananan halittu ne dabam, masu kama azot daga iska su ba tsiro. Gawo ma yana da su. Wake dai yana da abokai biyu, ɗaya na kawo azot, ɗaya na kawo fosfor. Masu kama azot kuwa ba su aiki sosai sai da fosfor. Ashe abokan biyu suna taimakon juna.

Wannan na cikin dalilan da suka sa gonar da aka yi wake a cikinta bara take ba da hatsi mai kyau bana. Wani bincike da aka yi a Nijar da Burkina Faso, aka buga a shekarar 2000, ya nuna cewa hatsi da dawar da aka shuka bayan wake ko gujiya sun fi samun hunhuna a saiwarsu tun suna ƙanana. Lokacin nan ne kuwa tsiro ya fi buƙatar fosfor.

Ɓarawon da ke sauraren kira

Kowane manomi ya san ƙuduji, wanda wasu ke kira wuta-wuta. Shi ma saiwar hatsi yake kamawa, amma sha kawai yake yi, ba ya ba da kome. Mun san kuma ya fi yawa a gonar da ta gaji. Yanzu an gane dalili.

Idan hatsi ya ji yunwar fosfor, saiwarsa tana fitar da wani sinadari a cikin ƙasa. Kira ne take yi. A shekarar 2005 masana a ƙasar Japan suka gano cewa wannan kira na hunhuna ne. In ta ji shi, sai ta yi rassa ta nufi saiwa. Amma irin ƙuduji da ke kwance a ƙasa shi ma wannan kira yake jira. Da ya ji, sai ya tsiro ya kama saiwar. Gwargwadon yunwar hatsi, gwargwadon ƙarfin kiransa. In hunhuna ta riga ta shiga, hatsi ya samu fosfor, kiran yakan ragu. Gwaje-gwajen da aka yi a kan dawa a arewacin Kamaru sun nuna raguwar ƙuduji inda hunhuna ta kama saiwa.

Wannan bai ɗauke mana aikin hannu ba. Gindin ƙuduji ɗaya yana zubar da iri dubun dubata, irin kuwa yana iya fin shekara 10 a ƙasa da ransa. Dole mu cire shi kafin ya yi fure, mu fitar da shi daga gona.

Abubuwan da ke rage ta

A da gona takan huta. Saura ce, ko maiso, ciyawa da sabara su rufe ta shekara da yawa. Yau jama'a ta ƙaru, gonaki sun tsuke. Daga Kornaka har kwarin Tarka ba kowa ke da halin barin gona ta huta ba. Saboda haka abin da hutu ke yi a da, dabararmu ce za ta yi shi yanzu. Ga abubuwan da ke cutar hunhunar saiwa:

Gonar da aka share ƙwal. Yawancin irin hunhuna yana cikin ƙasar sama. In iskar rani ta kwashe wannan ƙasa, da shi take tafiya.

Tumɓuke tushen kara da ƙone shara. Tsohuwar saiwa ita ce ɗakin da hunhuna ke yin rani a ciki. Wuta kuwa tana cinye rigar ƙasa, ta bar ta ga rana da iska.

Sare itatuwa da sabara da kalgo har gindi, tare da kashe kututturensu.

Juya ƙasa da garma mai zurfi sau da yawa. Wannan yana tsinke zaren. Hauyar tsaye da muke noma da ita sama-sama take yanka, ba ta yin wannan ɓarna.

Zuba takin fosfor mai yawa a wuri ɗaya. In tsiro ya ƙoshi sarai, yakan daina biyan hunhuna, ita kuma ta ja baya. An fi ganin wannan a garka.

Abin da za mu yi

1. Mu bar tushen kara a ƙasa. Mu yanke kara daga sama, kada mu tumɓuke. Mun san kara abincin dabbobi ne, da shi ake darni, wani ma sayarwa yake ya sayi cefane. Wanda bai iya barin duka ba, ya shimfiɗa wani kashi a wuraren da iska ta fi ci.

2. Mu haɗa hatsi da wake, mu kuma riƙa juya gona. Inda hatsi ya yi bana, a ba wake ko gujiya wuri baɗi. Ƙudujin hatsi ba ya kama wake, na wake iri ne dabam.

3. Mu riƙe sassabin zamani. A nan jahar Maraɗi aka fara yaɗa shi a shekarar 1983, lokacin da Tony Rinaudo, mutumin Ostireliya, ya fara aiki da manoma a kan raya kututturen da ke tohowa. A kowane kututture a zaɓi rassa masu ƙarfi kaɗan a bari, a sare sauran. An ƙiyasta cewa ta wannan hanya manoman Nijar, musamman na Maraɗi da Damagaram, sun raya itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5. Kowane itace inuwa ne, taki ne, kuma masaukin hunhuna ne da rani.

4. Mu mai wa gona abin da muka ɗauka. Kashin dabbobi, sharar gida da toka duk suna da fosfor. Mu raya tsohuwar amanar da ke tsakanin manomi da makiyayi.

5. Takin zamani, kaɗan a gurbi. Cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai da abokan aikinta sun gwada wannan dabara shekaru da yawa. Ana sa giram 6 na 15-15-15 a kowane gurbi, wato cikin marfin kwalbar lemo ɗaya. In DAP ne, giram 2, wato abin da yatsu uku suka ɗauka. Hekta mai gurbi 10,000 za ta ci kilo 60 na 15-15-15, ko kilo 20 na DAP. A sa shi in ƙasa na da danshi, a ɗan gefe, kada ya taɓa iri. Wannan ɗan taki yana tayar da hatsi da wuri, kuma bai kai yawan da zai kori hunhuna ba.

6. A faƙo, inda ƙasa ta ƙeƙashe ruwa ba ya shiga, sai an fasa. A gina tassa ko rabin wata, a zuba taki, a shuka. In saiwa ta dawo, hunhuna za ta biyo ta.

7. Masu renon itatuwa a leda su lura. Binciken da aka yi a Burkina Faso da Senegal ya nuna magarya na cikin itatuwan da suka fi dogara da hunhunar saiwa. A ɗebo ƙasar sama daga ƙarƙashin magarya ko gawo mai lafiya, tare da ƙananan saiwoyin da ke ciki, a gauraya da ƙasar leda. Kada a ɗebo daga gonar da ke da ƙuduji, kada kuma a ji wa itacen rauni.

8. Masu garka su sani cewa albasa tana da saiwa kaɗan, tana dogara da hunhuna ƙwarai. Kabeji kuwa ba ya zama da ita ko kaɗan. Fangalin da aka daɗe ana yin kabeji a cikinsa, hunhunarsa takan ragu. Gara a sa wake ko masara a tsakani kafin a dasa albasa.

A wasu ƙasashe ana sayar da irin hunhuna a cikin ƙunshi. Gwaje-gwajen da aka yi sun nuna cewa da yawa daga cikin waɗannan ƙunsoshi ba su aiki. Ƙasarmu tana da tata hunhuna, wadda ta saba da zafinmu da raninmu. Kada mu kashe kuɗi a kan abin da ke ƙarƙashin ƙafarmu.

Gani ya kori ji

Kowa yana iya gwadawa a gonarsa. A auna wuri biyu kusa da juna, kowanne taku 10 tsawo, taku 10 faɗi. A na farko a yi yadda aka saba. A na biyu a bar tushen kara, a shimfiɗa kara, a bar sabara ta toho, a haɗa hatsi da wake. A shuka iri ɗaya rana ɗaya. Da kaka a auna hatsin kowane wuri da tiya, a ƙirga gindin ƙuduji, a rubuta a littafi. Shekara ɗaya ba ta isa a yanke hukunci ba, domin ƙasa a hankali take farfaɗowa. A yi shekara uku ana rubutawa, sannan a kwatanta. Wanda ke son ƙarin bayani ya tuntuɓi malamin gona na yankinsa. Su ne ke kawo mana sakamakon binciken da ake yi a tashar INRAN ta Tarna, kusa da Maraɗi.

Ƴan'uwa, gona gado ce. Mun karɓe ta daga iyaye, za mu miƙa ta ga ƴaƴa. Mu bar mata saiwa da inuwa da taki, domin ma'aikatan da ke cikinta su ci gaba da yi mana aiki. Allah ya ba mu damana mai albarka, ya cika rumbunanmu. Amin.